Kiɗan nan-take da gamin gargajiya da zamani: daga fagen kokowa zuwa gitar Mona



Akwai wata tambaya da ke yawan zo mana ta saƙon murya. Ɗan uwa yana can waje, sai a turo masa bidiyon wasu makaɗan Nijar a kan dandamali: ga gita ga kalangu, ga ƙwarya ga piyano, waƙa guda ta ci minti goma sha biyar, kuma yadda aka yi ta yau ba haka aka yi ta jiya ba. Turawa sun sayi tikiti sun cika ɗaki suna kallo. Sai ya tambaye mu: wai wanga kiɗa namu ne, ko ɓata namu ake yi? A nan gida ma dattawa kan ce yaran yanzu sun dagula kiɗa.

Amsarmu a taƙaice ita ce: shirya waƙa nan-take a gaban jama'a shi ne ainihin sana'ar makaɗan ƙasar ga tun kaka da kakanni, gama kayan kiɗan gargajiya da na zamani kuwa a jihar Tawa ya kai shekara hamsin ana yin sa. Wanda ya kamata mu ji wa tsoro shi ne mai kiɗa da hannunsa, wanda katin memuwar ke ta kora daga gidajen biki. Bari mu bi maganar daki-daki.

Mene ne kiɗan nan-take?

Waƙar makaɗan Hausa tana da gindi, tana da ɗiya. Gindi shi ne amshin nan da ake komawa gare shi a kai a kai, wanda ƴan amshi ke riƙe da shi, kowa a fage ya san shi. Ɗiya kuwa su ne maganganun da jagoran waƙa ke zubawa tsakanin amshi da amshi. Gindi ba ya motsi. Ɗiya su ne ke sauyawa gwargwadon wanda ya zo, da abin da ya faru, da wanda ya yi kyauta da wanda ya hana.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fagen kokowa bayan an gama aikin gona, a Tsarnawa ko Dogarawa ko Badagishiri, ya ga abin da idonsa. Makaɗi bai san wanda zai kā da wani ba. Ɗan kokowa ya fito, sai ganga ta ɗauki takensa, mawaƙi ya kira sunansa da na ubansa da na garinsu. Kafin a ƙifta ido an yi kaye, to dole waƙa ta juya nan take: a ɗaga wanda ya yi kaye, a lallashi wanda ya faɗi ko a yi masa habaici, kuma duk wannan ba tare da kiɗa ya tsaya ba. Gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975 har Kantu na Maraɗi ya ci ta farko, ta kai wanga salo kunnen ƴan Nijar baki ɗaya ta rediyo. Waƙoƙin Sagalo na ƴan kokowa a irin wannan fage suka yi suna.

Haka abin yake a gayyar noma, inda mai gangar noma ke kallon kuyya yana zuga wanda ya wuce gaba. Haka yake a kiɗan ƙwarya na mata a gidan suna, da dambe, da hawan salla a ƙofar fada. A tsallaken iyaka, Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an san shi da tsara waƙa a tsaye gaban mutumin da yake yi wa ita, kalangai na binsa a baya. Shi ya sa waƙarsa guda za ka same ta a kaset biyu ko uku, kowace da nata ɗiya.

Abin yana da doka

Wanda bai sani ba zai ɗauka mawaƙi yana faɗin duk abin da ya zo masa a baki ne. Ina! Kiɗan nan-take ya fi na hadda wuya, don yana da sharuɗɗa da ba a tsallake su.

Na farko shi ne karin kiɗa. Mawaƙi yana iya tsawaita ɗa ko ya taƙaita shi, amma dole ya sauka daidai inda ƴan amshi za su karɓa. In ya sauka da wuri ko ya makara, ko yaro ƙarami zai ji an yi tuntuɓe.

Na biyu shi ne karin harshe. Hausa tana hawa tana sauka, kuma ma'anar kalma na iya sauyawa da sauyin murya. Da wannan ne kalangu ke magana: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sai sautin ya hau, ya saki sai ya sauka, ta haka yake kwaikwayon muryar mutum har a gane sunan da yake kira. Take kuwa kamar suna ne. Mahauta suna da nasu, maƙera suna da nasu, sarki yana da nasa. Makaɗin da ya buga wa mutum taken da ba nasa ba ya yi abin kunya, wani lokaci ma ya jawo rigima.

Na uku shi ne sani. Kafin mawaƙi ya iya ƙirƙira a fadar Sarkin Adar a Illela ko ta Sarkin Ƙonni, sai ya san asalin gidaje, wa ya haifi wa, wa ke wasa da wa, wace magana ake faɗi a fili, wace ce ake rufewa. Shi ya sa ɗan makaɗi ke shekaru yana ɗaukar kaya, sannan ya riƙe ƙaramar ganga, sannan ya shiga amshi, kafin a bar shi ya buɗe baki a gaba. Sanƙira kuma yana gefe yana tuna wa jagora sunaye, yana fassara wa jama'a abin da ganga ta ce.

Yadda gita ta shigo Adar

Da yawa daga samarinmu sun ɗauka gamin gargajiya da zamani daga Yamai ko daga Turai ya zo. A Tawa ma an yi shi tun da wuri. A shekarun 1970 aka kafa ƙungiyar Azna de l'Ader, ƙarƙashin wani gwanin gita da aka fi sani da Mona. Ya saurari kiɗan Jimi Hendrix, baƙar fatar Amurka da ya sauya yadda ake kaɗa gitar lantarki, ya koyi yadda ake sa gita ta yi kuka ta yi gurnani, sai ya ɗora wannan a kan kiɗe-kiɗen ƙasarsu. Ko sunan ƙungiyar ya nuna inda suka dosa, don mu nan ba sai an gaya mana su wane ne Azna ba, ga Masallata nan kusa da Ƙonni inda ake bikin arwa. Shekaru da dama suka yi suna wasa a jihar ga ba su da faifai a kasuwa. Sai daga baya wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya fitar da faifansu mai suna Zabaya.

Ba su kaɗai ba ne. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai da piyanon lantarki, yana kaɗa muryoyin gargajiya na ƙabilun Nijar ba tare da waƙa ba. Mutane da yawa sun sha jin kiɗan nan tsakanin shiri da shiri a rediyo da talabijin na ƙasa ba su san mai shi ba, har aka sake fitar da shi a 2013. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu, wadda aka sa wa sunan shahararren mawaƙin nan na ƙasar Tawa, kuma ta ƙarfafa wa ƙungiyoyi gwiwa su nemi abin kaɗawa a gida. A Yamai aka buɗe cibiyar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya, inda masu gita da masu molo suka riƙa zama inuwa ɗaya. Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗauko kiɗan bori ya hau da shi dandamali tare da gita da gangunan zamani, shi da Musa Pusi suka fitar da faifai a 1994. A 1995 Yakuba Mumuni, mai busa sarewa, ya kafa Mamar Kassey tare da abokansa, suka gama sarewa da molo da kalangu da ƙwarya da gitar lantarki. Abdu Salam da ƙungiyarsa Les Tendistes sun yi irin wannan aiki da gurumi. Malam Mamman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurumi, ya tafi har bakin tafkin Cadi ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma da ya kusa ɓacewa, ya zagaya duniya da shi kafin rasuwarsa a 2018.

A arewacin jiharmu kuma, wajen Abalak, ga Mdou Moctar, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke. Waƙoƙinsa ta katin salula suka fara yaɗuwa, yau kuwa yana wasa a manyan biranen Turai da Amurka. Ga kuma ƴan matan Illighadad, su Fatu Saidi Ghali, da suka gama gita da tende, wato turmin da ake rufewa da fatar akuya, da ƙwarya a kife cikin ruwa irin wadda iyayenmu mata ke bugawa. A Yamai akwai Studio Shap Shap, masu gwaje-gwaje, da ke cuɗa piyano da kayan kiɗan gargajiya da ƙarar titi da kukan dabbobi da suka naɗa.

Inda suke jituwa da inda suke saɓawa

Me ya sa gita ta zauna daram a kiɗanmu? Galibin muryoyin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, kuma kiɗan baƙaƙen Amurka da Hendrix ya taso a cikinsa shi ma sautin nan biyar ne ƙashin bayansa. Mai gita da ya taso yana jin gurumi ko garaya, yatsunsa za su sami hanya ba tare da wahala ba. Ƙari a kan haka, kiɗanmu maimaici ne: ana riƙe gajeren zubi guda ana juya shi, wanda hakan ke ba mai ƙirƙira fili ya fita yawo ya dawo, kamar yadda gindi ke jiran ɗiya.

Amma akwai wuraren da ake karo, kuma makaɗanmu sun san su.

Goge ba shi da matakala a wuyansa. Tsirkiyarsa ta gashin wutsiyar doki ce, yatsa na zamewa a kanta yadda ya so, yana taɓa sautukan da ke tsakanin maɓallan piyano. Piyano kuwa an ɗaure masa murya tun daga masana'anta. In mai goge ya tilasta wa kansa bin piyano sak, sai kukan nan nasa mai taɓa zuciya ya ɓace.

Fata tana jin yanayi. Da sanyin dare ko damina ganga kan saki, sai an gasa ta a bakin wuta ta ɗaure. Ƙungiyar da ba ta tsaya ta daidaita muryar gita da ta fata ba kafin a fara, kowa zai kama gabansa.

Sai ƙarfin sauti. Gurumi da kukuma don zaure da dandalin gari aka yi su. In aka kunna lasifika aka ƙure gita, ba a sa wa gurumi makirfo mai kyau ba, to ya zama ado ne kawai a hoto: ana ganin hannu na motsi, ba a jin komi.

Babbar matsalar ita ce gangar inji da ke cikin piyano. Mai kalangu yana kallon bakin mawaƙi. In mawaƙi ya tsaya don wata tsohuwa ta shigo da guɗa, kalangu zai jira shi. In rawa ta yi zafi, zai ƙara wuta. Inji kuwa ba ya jiran kowa, mawaƙi ne ke binsa. Da zarar mawaƙi ya koma bin inji, ƙofar ƙirƙira ta ƙuntata.

Ma'auninmu ke nan in muna sauraren irin wannan gami: shin masu kiɗan suna jin junansu? In kalangu ya yi magana gita ta amsa, in mawaƙi ya juya kowa ya juya tare da shi, to kiɗa ne, ko da wane irin kaya aka yi shi.

Can waje yaya suke kallon abin?

Ƴan uwa da ke Turai da Amurka za su ji ana maganar jaz, kiɗan da baƙaƙen fata suka faro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Tsarinsa bai yi nisa da namu ba: a faɗi muryar waƙa tare, kowane makaɗi ya fita ya yi nasa nan-take, a dawo a rufe. A can har makarantu ake shiga don koyon ƙirƙira a kan dandamali, kuma akwai bukukuwan da ba a kaɗa komi a cikinsu sai irin wannan.

Misali mafi kusa da mu daga Mali yake. A 2004 Ali Farka Ture, mai gita wanda kuma ya iya ƙaramin goge irin kukumarmu, ya zauna da Tumani Jabate mai kora a wani otal a Bamako. Ba su yi gwaji ba, suka kama kiɗa aka naɗa. Faifan ya fito a 2005, ya kuma ci kyautar Grammy ta Amurka. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne kowannensu ya ƙoshi da kiɗan gidansu kafin su haɗu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ke cikin haɗari

Mu dawo gida. Ku tuna bukukuwa biyar na ƙarshe da kuka halarta a Galmi, Gidan Idar ko cikin garin Ƙonni. A nawa ne kuka ga makaɗi da ganga a rataye? A mafi yawansu yaro ne guda da lasifika da injin wuta da katin memuwar. Ba mu ga laifin mai biki ba, don hatsi ya yi tsada, kuma kuɗin dije bai kai na makaɗa shida da abincinsu da motarsu ba. Wasu gidajen kuma sun bar kiɗa ne don abin da malamansu suka karantar da su, wannan ra'ayinsu ne, muna girmama shi.

Amma ga wanda zai yi kiɗan ko ta halin ƙaƙa, ya san abin da ya musanya. Waƙar kati ba ta san sunan amarya ba. Ba ta san kakarta ce ta yi wa rabin unguwa wankan jego ba, ba ta san baffan ango ya taso tun daga Abijan don wanga biki ba. Abin da za ta faɗa a Malbaza shi za ta faɗa a Kano.

Kuma sana'ar nan a fage ake koyonta. In ba a kiran uba biki, ɗa ba zai ɗauki kaya ya bi shi ba, sai ya tafi kabu-kabu ko ya bi ƴan bida. Mai sassaƙa kalangu da mai ɗaura fata su ma kasuwarsu ta mutu. Randa tsohon makaɗi ya kwanta dama, taken gidaje da asalin zuri'o'in gari da ke kansa sun tafi tare da shi, don ba a rubuce suke ba. Samarin da ke son gama gita da gargajiya nan gaba za su rasa wurin wanda za su ɗauko gargajiyar. Labarin Mona ya ishe mu ishara: shekaru da dama kiɗansa na nan kusa da mu, sai da baƙo ya zo daga wata nahiya kafin ƴaƴanmu su same shi a salula.

Abin da ke hannunmu

Ga ƴan uwa na waje masu aiko da kuɗin biki: in za a yi kiɗa, ku ware wani abu ku ce na makaɗan gari ne, ko da awa biyu za su yi kafin a kunna lasifika. Ku ce a ɗauko muku bidiyo, za ku ji an kira sunanku da na mahaifinku daga nesa.

Ga masu ɗaukar bidiyo: ku nemi izinin makaɗi tukuna, kuma in za ku tura, ku rubuta sunansa da garinsu da ranar da aka yi. Bidiyon da ba suna, ko ya zagaya duniya, bai ƙari mai shi da komi ba.

Ga samari masu gita da piyano: ku je ku durƙusa gaban masu kalangu da goge na garinku ku ce kun zo koyo. Ku kashe gangar inji ko sau ɗaya a wasa, ku bar hannun mutum ya ja ku. In kuka ɗauki muryar wani dattijo kuka sa a waƙarku, ku faɗi sunansa, ku ba shi rabonsa. Akwai hukumar kare haƙƙin mawaƙa ta ƙasa, BNDA, kuma mai gurumi yana da damar yin rajista a can kamar yadda mai gita ke da ita.

Ga iyayenmu makaɗa: Baba, in yaro ya zo da gita kada a kore shi. A gwada shi da amshi, in ya iya sauka daidai a ƙara masa.

Mu kuma a nan gidan rediyo ƙofarmu a buɗe take. Duk wanda ke da tsohon kaset na makaɗan Ƙonni, Malbaza ko Illela a cikin adaka, ya kawo mu juya shi zuwa kwamfuta mu mayar masa da abinsa. Wanda ya san wani tsohon makaɗi ko zabiya a ƙauyensu da har yanzu ke iya wasa, ya aiko mana da sunan garin ta hannun wakilinmu ko ta saƙon murya, mu je da na'ura mu same shi tun yana da ƙarfin riƙe gula.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da matafiya lafiya.